Gyambon ƙafa: yadda ake jinyarsa har ya rufe

Shekara uku mahaifiyata ta yi tana fama da gyambo a ƙafar hagu, ɗan sama da idon sawu ta ciki. Mafarinsa ɗan karce ne, bakin wata tsohuwar langa ya yanke ta. Sana'arta tuwo a bakin tasha nan Maraɗi, tsaye tun hantsi har bayan isha'i, ga haihuwa tara a baya. Muka ce kwana biyu zai kame. Damina ta shiga ta fita, ɗan karcen nan ya kai faɗin bakin kofin shayi, yana tsattsafo da ruwa dare da rana.

Ba abin da ba mu zuba masa ba. Garin kafso ja da rawaya, sassaƙe iri-iri, toka, har allurai da wani mai shagon magani ya yi ta yi mata sati-sati. Ranar da muka kai ta asibiti, majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ya kwance tsumman ya duba ƙafar tun daga yatsu har gwiwa kafin ya kalli mikin, sannan ya ce, "Inna, wannan da kike gani baki ne kawai, ciwon yana cikin jijiya." Wata biyar bayan nan gyambon ya rufe, da ruwan gishiri, da ɗauri mai matsewa, da ɗaga ƙafa. Abin da na koya a hannunsa da kuma wajen jinyar nan shi ne zan shimfiɗa a nan, daki-daki.

Fara da sanin wane iri ne

Duk ciwon da ke ƙasa da gwiwa wanda ya wuce sati 4 zuwa 6 bai rufe ba, akwai abin da ke riƙe da shi. Lafiyayyar fata ba ta buƙatar roƙo kafin ta haɗe. Saboda haka aikin farko shi ne a gano mai riƙon, don maganin wani iri guba ne ga wani.

Wanda ya fi yawa shi ne na jijiyoyin da ke mayar da jini sama, irin na Inna. A cikin waɗannan jijiyoyi akwai ƴan ƙofofi da ke hana jini komawa ƙasa. Idan suka saki, saboda yawan haihuwa, ko ƙiba, ko doguwar tsayuwa, ko tsohuwar karaya, ko gudan jini da ya taɓa toshe jijiyar, sai jini ya kwanta a ƙwauri. Ƙafa ta kumbura da yamma ta sace da safe, fatar wurin ta ƙara duhu ta yi tauri tana ƙaiƙayi, jijiyoyi su fito ruɗu-ruɗu. Gyambon yakan zauna kusa da idon sawu, ba zurfi sosai, amma ga faɗi ga ruwa. Idan aka ɗaga ƙafar, mai shi yakan ji sauƙi. Teloli, mahauta, masu tuwo, direbobin da ke doguwar tafiya, duk suna cikin wannan layi.

Akwai kishiyarsa, na jijiyoyin da ke kawo jini daga zuciya. Su kuma toshewa suke yi, galibi ga tsofaffi, masu shan taba, masu hawan jini ko ciwon suga. Ƙafar takan yi sanyi, fata ta yi sheƙi, gyambon ya fito a yatsu ko dunduniya ko kan ƙashi, zagayayye mai zurfi kamar an ƙwaƙule da wuƙa, busasshe. Babbar alamarsa zogin dare: mutum ya kwanta ciwo ya taso, sai ya sauko da ƙafar daga gado sannan ya samu sa'ida. Wannan iri, matse shi da bandeji na iya kashe ƙafar ɗungum.

Na ciwon suga yakan ɓuya a tafin ƙafa, ƙarƙashin kanta, kuma sau da yawa ba ya zafi ko kaɗan, don jijiyoyin ji sun mutu. Mutum ya taka ƙaya ko ƙusa ya yini da ita bai sani ba, sai wari ya tona. Kuturta ma haka take yi wa tafin ƙafa, tare da farar tabo-tabo a jiki da ba sa jin taɓi. Maganinta kyauta ne, wata 6 ko wata 12, kuma asibitin Danja da ke kudu da Maraɗi ya daɗe da sanin wannan aiki. Sai na masu sikila, wanda ke fitowa gefen idon sawu tun ƙuruciya, ƙarami amma da zafin da ke hana barci. Sai kuma wanda manoma da yara ke samu da damina, daga ɗan sara na kwashe ko karan gero da taɓo ya shiga, ya ruɓe cikin ƴan kwanaki, musamman idan jiki ba ya samun abinci mai gina shi.

Wannan bayani ba don ka yanke wa kanka hukunci ba ne, don ka san abin da za ka faɗa ne idan ka je gaban likita. Mutum ɗaya na iya haɗa biyu, kamar mai suga da jijiyarsa ta toshe.

Je asibiti, ko da sau ɗaya, kafin komai

Na san nauyin da ke cikin buɗe ƙafa mai wari gaban baƙo. Inna ta yi shekara biyu tana ja mata zane. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fara da likitar unguwa, wato ƙaramin asibitin unguwarku, su za su tura ka babban asibitin jiha ko na Referans idan abin ya fi ƙarfinsu.

Ka roƙi abu huɗu. A auna suga da safe kafin ka ci komai: idan ya kai 1,26 g a lita ko ya wuce, aka maimaita aka sake samun haka, ciwon suga ne. A auna hawan jini. A duba yawan jini, in yaro ne ko matashi a yi gwajin sikila. Na huɗu, wanda aka fi mantawa, a taɓa bugun jijiya a bayan ƙafa da bayan idon sawu. Inda akwai na'ura, ana gwada ƙarfin jinin idon sawu da na hannu. Idan na ƙafa bai kai 0,8 na hannu ba, wato kashi takwas cikin goma, ba a yin ɗauri mai ƙarfi sai da umarnin ƙwararre. Ka kuma tambayi allurar rigakafin tetanos, ciwon nan da ke ƙage muƙamuƙi, don miki a buɗe cikin ƙasar da dabbobi ke kwana ƙofa ce gare shi.

Idan gyambon ya shekara da shekaru, ko ana hango ƙashi, a ɗauki hoton ƙashin. Idan bakinsa ya tattaro ya yi tudu, ko nama ya tsiro kamar kan kabeji yana zubar da jini da an taɓa, a yanki ɗan nama a kai awo, domin tsohon gyambo yakan rikiɗe ya zama ciwon daji.

Wanki

A nan yawancin jinya take, kuma a nan aka fi ɓata ta. Ka ware ƙaramar roba da tukunya da almakashi waɗanda ba sa wani aiki sai wannan. Ka tafasa ruwa lita ɗaya da gishiri gram 9, wato kusan ƙaramin cokalin shayi biyu a shafe, ba a tsibe ba. Ka rufe ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. Na yau na yau ne, kada a kwana da shi. Mai hali ya sayi ruwan serom na farmasi, shi ma gishirin nan ne daidai wannan awo.

Wanke hannu da sabulu, sa safar hannu in akwai. Idan tsohon ɗaurin ya manne, kada ka fizge. Jiƙa shi da ruwan gishirin, ka jira minti biyar zuwa goma ya saki da kansa. Fizgar nan ita ce fami, kuma tana tafiya da sabuwar fatar da ta kwana uku tana tofowa. Na ga Inna ta cije gefen mayafinta sau da dama kafin in gane laifin hannuna ne.

Wanke ƙafar duka da sabulu mai laushi, tsakanin yatsu har gwiwa, sannan ka tsiyaya ruwan gishirin a kan mikin daga sama, ya gangara cikin roba. Ba a dirza shi. Abin da ya saku na rawaya-rawaya ka share da kwampares, farin ƙyallen nan na asibiti, a hankali, daga tsakiya zuwa waje, kowane shafi da sabon gefe. Abin da ya kafe, ko baƙin mataccen nama, bar wa majo ya yanke; reza a gida ba ta da wuri a nan.

Ka koyi karanta launin. Ja mai ɗan gurje-gurje kamar cikin kankana nama ne mai rai. Farin-ja siriri da ke shigowa daga gefe sabuwar fata ce, ita ake lallaɓawa. Rawaya mai yauƙi datti ne da ke buƙatar fita. Baƙi mutuwa ce. Kore-kore mai wani irin wari ƙwayoyin cuta ne.

Abin da ake sawa, da wanda ba a sawa

Mu duka mun taso da cewa ciwo sai ya sha iska ya bushe. Ga ɗan ƙurji, to. Ga gyambo kuwa, fata tana tafiya ne a kan danshi, ba ta iya ratsa busasshen ɓawo. Abin da ake so shi ne a rufe shi, ciki da ɗan laima, gefe a bushe. Ka shimfiɗa ƙyallen nan mai man basilin da ake sayarwa a farmasi daidai faɗin mikin, ka ɗora kwampares masu kauri su shanye ruwan, ka naɗe. Fatar da ke kewaye ka shafa mata basilin ko man kaɗanya mai tsabta don kada ruwan ya cinye ta. Idan yana zuba sosai, a canza kullum. Da ya fara tsanewa, bayan kwana biyu ko uku ya wadatar, don yawan buɗewa ma koma baya ne. Tsofaffin ƙyallayen a ƙone su.

Bétadine da Dakin, magungunan wanke ciwo na farmasi, suna da ranarsu, lokacin da miki ya yi datti ko yana ruɓa, na ɗan kwanaki bisa faɗar likita. Kullum-kullum a kan jan nama mai tsabta, rage masa gudu suke yi. Alkol da ruwan nan mai kumfa da ake kira eau oxygénée kuwa ƙona sabon nama suke. Zuma ana amfani da ita a asibitoci, amma wadda aka tace aka kashe ƙwayoyinta. Ta bakin hanya da aka haɗa da sukari ba ita ba ce, ka tambaya kafin ka sa.

Kashin shanu, toka, ƙasa, baƙin mai, man birki, garin batir, taba, duk na ga an sa, kuma wasu mu ma mun sa. Ba na zargin wanda ya yi, don wanda ciwo ya ishe shi ko me aka ce masa zai gwada. Amma ta nan tetanos ke shiga, ta nan ƙafa ke ruɓewa har ta kai ga yankewa. Haka tsaga da ƙaho a gefen gyambo: fatar da ta kasa rufe rami ɗaya ba a ƙara mata na biyu. Fasa kafso a barbaɗa ba ya warkarwa, ƙwayoyin cutar ne ke sabawa da maganin. Maganin kashe ƙwayoyi na sha ko na allura sai in ciwon ya harzuƙa, kuma likita ne zai rubuta, a shanye shi duka. In zuciyarka ta ba ka cewa jifa ne ko ka taka wani abu, yi addu'arka, sha rubutunka, ba wanda ya hana. Kawai kada wani abu ya taɓa mikin, kuma kada a fasa zuwa asibiti.

Ɗauri da ɗaga ƙafa, ga mai gyambon jijiya

Wannan shi ne ainihin maganin, sauran duk rakiya ne. Matsewar tana tura jinin da ya kwanta ya koma sama, kumburi ya sace, sannan fata ta samu damar haɗewa. Ina maimaitawa: sai an tabbatar jini na isa ƙafar. Wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura yana haki, a duba zuciyarsa tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bandejin da ake so mai roba ne, na matse jijiya, ba ɗan sakayau ɗin da ake naɗe targaɗe da shi ba. Ka bari majo ya naɗa na farko da na biyu kana kallo, sannan ka naɗa yana kallo. Ana yi da sassafe kafin ƙafa ta taka ƙasa ta kumbura. A sa auduga a kan idon sawu da ƙashin ƙwauri don kada ya ci wurin. A tanƙwaro ƙafar sama kamar mai tsaye, a fara daga gindin yatsu, a rufe dunduniya, a hau a hankali, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, har zuwa yatsa biyu ƙasa da gwiwa. Ƙarfin ya fi yawa a idon sawu, yana raguwa sama. Kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne ɗaure daidai wurin ciwon kawai, kamar an sa wa ƙafa zobe. Sai ƙasa ta kumbura, sama ta kumbura, gyambo ya ƙara faɗi.

Bayan naɗi ka danna farcen babban yatsa ka saki. Idan jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, lafiya. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka mutu, ko zafi ya yi ta ƙaruwa, kwance nan take ka koma asibiti.

A watan Afrilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40, bandejin nan azaba ne. Inna takan ce mini, "Kai ɗan nan, kwance mini abin ga, ƙafata na dahuwa." Abin da ya taimaka shi ne bandeji biyu, ɗaya a ƙafa ɗaya a igiyar shanya, da zama a inuwa, da nuna mata cewa mikin na raguwa.

Ɗaga ƙafa kuma ba ɗora ta a kan kujera ƴar tsugune ba ne. Sai an kwanta, dunduniya ta fi ƙirji tudu, minti 30, sau uku ko huɗu a yini. Da dare a sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen sawu. Mai kwana a tabarma ya tara matashi. Kuma ba kwanciya ake so a yi ta yi ba. Tafiya da bandeji a ƙafa magani ce, domin naman sha-raɓa shi ne famfon da ke tura jini sama. Tsayuwa cik wuri ɗaya da zama ƙafa na reto su ne abokan gaba. In zama ya zama dole, a riƙa motsa sawu sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki. Mu sai da ƙanwata ta karɓi tuƙin tuwo, Inna ta koma karɓar kuɗi a zaune, ƙafa bisa buhu.

Mai gyambon tafin ƙafa, na suga ko na kuturta, nasa dabam ne: kada ya taka wurin sam. Sanda, ko takalmin da aka fafe daidai ramin, ko filasta a asibiti. Duk tsadar maganin da aka sa, in ana taka shi kullum ba zai rufe ba. Kuma sai suga ya sauka.

Ciki, zafi, wari, da salla

Gyambo mai zuba yana kwashe abin gina jiki kowace rana. A mayar da shi da abin da ke kusa: wake, awara, ƙuli-ƙuli, ƙwai, nono, fara, kifin Madarunfa, kwaɗon zogalen da ake nomawa a bakin gulbi, da lemo ko gwaiba ko tumatir. Zancen cewa mai ciwo kada ya ci ƙwai ko gyaɗa don suna kawo mugunya ba shi da tushe. Mai suga ya yi hankali da hura mai sukari da shayin majalisa. Taba kuwa, ta sha ko ta leɓe, tana tsuke jijiya, a bar ta.

Don zafi, farasitamol minti 30 kafin wanki yana rage wahala. Babba kada ya wuce gram 3 a yini sai da izinin likita. Ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan talla, in aka daɗe ana sha, suna cin ciki da ƙoda. Tramol kuma na ga ya kama mutanen da gyambo ne ya fara kai su gare shi. In zafin ya fi ƙarfin farasitamol, wannan ma dalilin komawa asibiti ne.

Wari shi ya fi cin rai. Shi ke hana mace zuwa biki, ya sa dattijo ya koma sahun baya a masallaci. Canza ɗauri a kan kari yana rage shi sosai, kuma akwai maganin da likita ke rubutawa musamman dominsa. A rufe mikin saboda ƙuda, in za a yi barcin rana a shiga gidan sauro. Gyambo ba ya yaɗuwa ta cin abinci kwano ɗaya, don haka kada a ware wa mai shi akushi. Wata ranar zaman da jikoki suka yi a gefen Inna ya fi mata duk abin da na sa a ƙafar.

Alwala ba ta buƙatar a kwance ɗauri. Malamanmu sun yi bayani cewa ana shafa a kan bandeji, kuma wanda tsayuwa ko durƙuso ke cutar da shi ya yi salla a zaune. Wajen wanka a sa ƙafar cikin leda a ɗaure bakin, a cire da an gama.

Awo, da ranar da ba a jira

Ido na yau da kullum ba ya ganin canji. Kowace Juma'a ka ɗora farar leda mai tsabta a kan mikin ka zana bakinsa da biro, ko ka ɗauki hoto da waya, da kwalin ashana a gefe don gwada girma. Idan sati 4 suka wuce ana yin komai daidai amma bai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku ba, a koma a sake bincike. Wani sai an kankare mataccen nama, wani sai an ɗebo fata daga cinya an dasa, wani ƙashi ne ya kamu.

Akwai alamun da ba a kwana da su: zazzaɓi da rawar sanyi, kumburi mai zafi da ke hawa ƙwauri, kaluluwa a matsematsi, mugunya mai yawa farat ɗaya, yatsa ya yi baƙi, jinin da ya ƙi tsayawa, muƙamuƙi ya ƙage, ko mai suga ya fara ruɗewa. Ko tsakar dare ne a nemi abin hawa. In jijiya ce ta fashe tana tsartuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta har a isa.

Bayan ya rufe

Sabuwar fatar siririya ce kamar bayan albasa, kuma jijiyar da ta kawo ciwon tana nan yadda take. Gyambon jijiya yana yawan dawowa, musamman ga wanda ya jefar da ɗauri ranar da ya ga tabo. A ci gaba da safar matse ƙafa ko bandeji da rana, a cire da dare, a sake sabuwa idan robar ta saki, kamar bayan wata shida. A shafa mai kullum, balle da hunturu lokacin da faso ke tsaga dunduniya. Kada a yi susa da farce ko da tsinke. Mai shiga gona ya sa takalmi mai rufi da dogon wando, mai hawa kabu-kabu ya kula da salansa. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa kowane dare da madubi, ya zazzage takalmi kafin ya sa, kada ya taka rairayi mai zafi ba takalmi, kada ya gasa ƙafa a garwashi da sanyi.

Na Inna ya so dawowa sau ɗaya, da damina ta biyu, wani ɗan ja kamar ƙwayar wake a gefen tabon. A ranar muka wanke, muka rufe, muka mayar da bandeji, washegari muka kai wa majo ya gani. Kwana goma sha biyu ya ɗauka.